HATIMI A BAKIN ƘOFA: Jawabi ga Hakimai da Malamansu a kan Tsaron Kwamfutar Ajiya Tun Daga Tashinta

 

Maganar yau a kan hatimi ta ke, ko da ya ke hatimin nan ba na tagulla ba ne, ba a kuwa shafa masa tawada. Amma kafin a kai gare shi sai an fara da gona, gama saboda ita ne maganar ta shafi hakimi.

Wanda ya fita Kano ta Ungogo ya nufi Minjibir, ko ya miƙe zuwa Makoɗa da Ɗambatta, ko ya bi ta Dawanau ya faɗa Bichi da Tsanyawa, da wuya ya ga daji. Gona ce bayan gona, gida bayan gida, iyaka kuwa sau da yawa layin gamba ne ko na lalle. Tun cikin shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya bi ƙasar da ke kewaye da birnin, ya tarar yawancin gonaki ana nomansu kowace shekara ba hutu, taki ne ke riƙe da su. Daga lokacin nan zuwa yau mutane sun ninka, gado ya rarraba gonaki, ƙasa kuwa ba ta ƙaru da ko taki ɗaya ba. A irin wannan wuri, lamba guda da aka sauya cikin littafi ta isa ta raba 'yan'uwa har jikoki.

A farkon mulkin Turawa malaman taki ne ke auna gonaki da ƙafa, suna rubutawa a littafi. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a ƙasar karkara. Yanzu kuwa rubutu yana ƙaura daga takarda zuwa na'ura. Hukumar KANGIS tana ajiye bayanan filayen jihar a kwamfuta, a ƙarshen 2024 kuma gwamnatin jihar ta fara sabunta takardun mallaka. Lambar shaidar ɗan ƙasa mai alƙaluma 11 a kwamfuta ta ke. A watan Nuwamba 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da rajistar haihuwa da mutuwa ta na'ura. Tun 2015 yaran da ke neman shiga jami'a a kwamfuta su ke rubuta jarrabawar JAMB, kowace cibiya da babbar na'urarta. Ita wannan babbar na'ura, wadda ke riƙe da ajiya tana raba wa ƙanana, masu sana'ar suna kiranta saba, waɗansu kuma su ce uwar garke. Manyansu suna Kano da Abuja, ƙananansu kuwa a kan same su a sakatariya, da asibiti, da makaranta.

YADDA NA'URA KE TASHI

Mutum ya danna maɓalli, fitila ta kama, bayan ɗan lokaci allo ya buɗe. A tsakanin nan an yi aiki mai yawa wanda ido ba ya gani.

A jikin babban allon da ke cikin na'ura akwai wani ɗan guntu, bai kai farcen babban yatsa ba. A cikinsa maƙera suka rubuta umarnin farko, wanda za a kira manhajar gindi. Tsohon samfurinta sunansa BIOS, na yanzu UEFI. Da wuta ta shigo ita ke fara farkawa. Ta duba kayan cikin na'ura, sa'an nan ta nemo wata 'yar manhaja a faifan ajiya, wadda aikinta kawai ta tashi babbar manhaja, watau Windows ko Linux. Babbar manhaja ta tashi, ta kira ma'aikatanta ɗaya bayan ɗaya. Can daga baya ne mai gadi ke isowa, watau manhajar nan mai farautar ƙwayoyin cuta, wadda ofisoshi ke saya suna ganin sun gama tsaro.

To, ga inda ɓaraka ta ke. Ɓarawon da ya riga mai gadi shiga gida, shi ne zai buɗe wa mai gadi ƙofa, ya nuna masa inda zai zauna da inda zai duba. Mai gadi ya kewaya, ya ce lafiya lau, alhali kuwa abin da aka nuna masa kaɗai ya gani. Muguwar manhajar da ta shiga a matakin tashi haka ta ke yi. Tana iya kwafe kalmomin sirri, ta buɗe wa maigidanta hanya daga wata ƙasa, ta bar shi ya sauya abin da ke cikin ajiya, allo kuwa yana nuna kome daidai.

Dabarar tsohuwa ce. A 1986 wata cuta mai suna Brain ta fito daga Lahore ta ƙasar Pakistan, tana ɓuya a wurin da na'ura ke fara karantawa a faifai. A 2018 kamfanin ESET ya bayyana wata mai suna LoJax, wadda aka samu a na'urorin hukumomin waɗansu ƙasashen Turai ta tsakiya da ta gabas. Ita wannan a cikin ɗan guntun nan ta ke zama. Ko an goge faifai, ko an cire shi an sa sabo, tana nan. Maganinta sai a sake rubuta guntun, ko a canja allon gaba ɗaya.

HATIMIN LISSAFI

Iyayen ƙasa ba su bukatar a koya musu amfanin hatimi. Wasiƙun da Turawa suka tarar a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya fassara aka buga a 1927, shaida ne cewa da wasiƙa a ke tafiyar da daular, sarakuna kuwa da hatimi a ke gane wasiƙarsu. Har yau yaro ba ya samun shaidar zama ɗan ƙasa sai mai unguwa ya san shi, dagaci ya tabbatar, hakimi ya sa hannu. Kowane mataki yana tsaya wa na ƙasa da shi.

Hatimin tagulla yana da rauni biyu. Gwanin sassaƙa yana iya kwaikwayonsa, kuma yana shaida mai wasiƙa ne kaɗai: in wani ya kankare kalma a tsakiya ya sa wata, hatimi na nan yadda ya ke. Masana lissafi sun nemo wanda ya fi shi. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman na Amurka suka bayyana dabarar mabuɗi biyu, a 1977 kuma Rivest da Shamir da Adleman suka fito da hanyar da a ke kira RSA, da farkon sunayensu.

Ga yadda abin ya ke. Mai manhaja yana da mabuɗi biyu, tagwaye ne, dukansu lambobi ne. Ɗaya na ɓoye, ba ya barin taskarsa. Ɗaya na fili, yana ba kowa. Abin da aka hatimce da na ɓoye, na fili ne kaɗai ke gaskata shi, amma wanda ke riƙe da na fili ba zai iya ƙago na ɓoye daga gare shi ba, gama lambar da aka saba aiki da ita tana da alƙaluma 617, kuma warware ta ya fi ƙarfin na'urorin da a ke da su. Kafin a buga hatimi sai an bi manhajar daga farko har ƙarshe da wani lissafi, a fitar da wata 'yar gajeriyar lamba wadda ta ke kamar dangwalen yatsanta. In aka sauya ko ɗigo ɗaya a cikin manhajar, dangwalen ya canja gaba ɗaya. A kan dangwalen nan a ke buga hatimi. Saboda haka hatimin lissafi yana shaida abu biyu a lokaci ɗaya, wanda ya aiko, da cewa ba a taɓa saƙon a hanya ba.

Daɗa sai aka ce, me zai hana a ba manhajar gindi mabuɗan fili, ta zama sarkin ƙofa? A 2011 aka shigar da wannan cikin ƙa'idar UEFI, aka sa masa suna Secure Boot, watau amintaccen tashi. Daga 2012, da fitowar Windows 8, kamfanin Microsoft ya sharɗanta wa maƙera su sa shi cikin sababbin na'urori. Yanzu in manhajar gindi ta je ɗauko mai tashin babbar manhaja, sai ta fara duba hatiminta. In ya yi daidai ta ba ta hanya. In babu hatimi, ko akwai amma dangwale ya saɓa, sai ta tsaya, na'ura ta ƙi tashi daga nan. Wadda aka ba hanya ita ma ta duba hatimin na gabanta, haka har sama.

Malaman da suka yi karatun hadisi za su gane wannan da sauri, ko da ya ke misali ne kawai a ke bugawa. Ba a karɓar ruwaya sai da isnadi, wane daga wane daga wane, kuma malamai sun yi littattafai na amintattun maruwaita da na waɗanda aka bar ruwayarsu. Manhajar gindi ita ma tana da littafi biyu. Na farko, mai suna db, shi ne na hatiman da aka yarda da su. Na biyu, dbx, shi ne na waɗanda aka soke, kuma in suna ya fito a duka biyun, na sokewa ne ke rinjaye. Ba kowa ke rubutu cikin littattafan nan ba sai mai riƙe da mabuɗin wakilci, KEK. Shi kuma wakili ba ya zama wakili sai mai babban mabuɗi, PK, ya naɗa shi, wanda galibi na maƙerin na'urar ne. Na'urorin Linux, waɗanda su ne da yawa cikin manyan saba, suna shiga ta wata 'yar manhaja mai suna shim wadda Microsoft ya hatimce, ko kuwa hukuma ta cire mabuɗan maƙeri ta zuba nata.

Mai hankali zai tambaya, to shi sarkin ƙofar wa ya duba shi? Tambaya ce mai kyau, LoJax ma ta nan ta bi. Amsar da maƙera suka kawo ita ce a ƙone shaidar mabuɗi a jikin ƙarfen na'ura tun a masana'anta, yadda ba ta goguwa, ita ce za ta duba manhajar gindi kafin ta farka. Na kamfanin Intel sunansa Boot Guard, manyan maƙeran saba kuma kowa da irin nasa. Ba kowace tsohuwar na'ura ke da shi ba.

INDA AKA SHA KASHI

Kada a ɗauka an sami laya. Sau uku a 'yan shekarun nan aka ga iyakar abin, kowanne kuwa da darasinsa ga mai riƙon ofis.

A watan Yuli 2020 aka gano wani rami, aka sa masa suna BootHole, a cikin GRUB2, manhajar da yawancin na'urorin Linux ke tashi da ita. Hatiminta na gaskiya ne, amma tana karanta wata takardar umarni wadda ba a hatimce ba, ta nan a ke iya yaudararta. Da aka yi gaggawar gyara, waɗansu gyare-gyaren farko suka hana na'urori tashi sam. Tun daga nan masu hankali ba su zuba sabon gyara a kan babbar na'ura sai sun gwada a ƙarama.

Na biyu ya fi ban tsoro. A watan Maris 2023 ESET ya ba da bayanin BlackLotus, wadda a ke sayarwa a kasuwar ɓarayin intanet a kan dala 5,000. Microsoft ya riga ya toshe ramin da ta ke bi tun Janairu 2022, amma ba a rubuta tsofaffin manhajojin masu ramin a littafin sokewa ba. Sai ɓarawo ya zo da tsohuwar a aljihunsa, da hatiminta na gaskiya, sarkin ƙofa ya duba ya ba ta hanya. Kowane hakimi ya san irin wannan: an sallami ɗan aike, ba a karɓe takardar da ke hannunsa ba, ba a kuwa sanar da dagatai ba, ya ci gaba da yawo ƙauyuka yana karɓar abin da ya ke karɓa. Daga watan Mayu 2023 ne aka fara sokewar, mataki mataki. Na'urar da ba a sabunta littafinta na sokewa ba, har yanzu tana karɓar korarren ɗan aike.

Na uku abin kunya ne. A watan Yuli 2024 kamfanin Binarly ya nuna cewa ɗaruruwan samfurin na'urori sun fita kasuwa da babban mabuɗi na gwaji, wanda aka rubuta a jikinsa ƙarara cewa kada a amince da shi. Ɗaya daga cikin mabuɗan ɓoyen ma ya riga ya fita intanet, an kulle shi da kalmar sirri mai harafi 4 kacal. Lissafi bai yi kuskure ba ko kaɗan, mutane ne suka yi sakaci.

Akwai kuma maganar wa'adi. Takardun shaidar da Microsoft ya fitar a 2011, aka zuba cikin na'urori, na shekara 15 ne, ƙarshensu watan Yuni da na Oktoba 2026, an kuwa fitar da sababbi masu shekarar 2023. Na'urar da ba ta karɓi sababbin ba ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da tashi, amma sababbin gyare-gyaren tsaron tashi ba za su riƙa isa gare ta ba. Tsofaffin na'urorin gwanjo, da waɗanda ke ofisoshin ƙauye ba su taɓa ganin intanet ba, su ne abin dubawa.

ABIN DA YA RAGE GA HAKIMI DA MALAMINSA

A ƙasar nan abin da ya fi yawan kashe amintaccen tashi ba ɓarawon Turai ba ne. A ce na'urar ofis ta ƙi tashi bayan ɗaukewar wuta, ko ƙurar hunturu ta toshe ta. Aka ɗauke ta a babur aka kai wa wani mai gyara. Ya sa filas ɗinsa mai ɗauke da manhajar da ba a san asalinta ba, sarkin ƙofa ya ƙi. Mai gyara yana sauri, sai ya shiga saitin manhajar gindi ya kashe Secure Boot, ya zuba abinsa, na'ura ta tashi, kowa ya yi murna, aka biya shi. Ba mugu ba ne, aikinsa ya ga allo ya buɗe. Amma an komo da na'ura ba sarkin ƙofa, kuma ba wanda ya sani. In na'ura ta ƙi tashi ta rubuta maganar hatimi a allo, aikinta ta ke yi. Sai malami ya kwafe abin da ta rubuta harafi da harafi, a kira ma'aikacin da hukuma ta sani.

Dubawa ba ta da wuya, malamin da ya iya buga takarda zai iya. A Windows a nemi msinfo32, a duba layin Secure Boot State, a ga ko On ne ko Off. A Linux a rubuta mokutil --sb-state. Ya kamata a yi haka duk sa'ad da na'ura ta komo daga gyara, a rubuta a littafi da kwanan wata da sunan wanda ya duba. Saitin manhajar gindi kuma a sa masa kalmar sirri, domin in babu ita duk wanda ya zauna gaban na'ura minti 2 ya iya kashe tsaron. Manyan saba suna da wata ƙofar baya ta masu kula da su daga nesa, iDRAC a na Dell, iLO a na HPE. Kalmar da ta zo da ita daga kamfani a canja ta, kada kuma a haɗa ƙofar da intanet na kowa da kowa. Ɗakin na'ura shi ma a kulle shi, gama BlackLotus kanta ba ta shiga sai ɓarawo ya sami ikon mai gida a na'urar, ko ya kai hannu gare ta.

Gaskiya ne ba hakimi ke da ikon na'urar sakatariya ko ta asibiti ba. Amma uban ƙasa ne, ana zama da shi, tambayarsa kuwa tana da nauyin da ta akawu ba ta da shi. In za a sayo na'ura, ya dace ya tambaya ko maƙerinta yana fitar mata da gyara har yanzu, ko tana da sababbin takardun shaida, ko tana da guntun TPM, wanda ke rubuta dangwalen kowane mataki na tashi, ya ƙi sakin mabuɗin faifai in ya ga canji. Windows 11 ba ya yarda da na'urar da ba ta da shi, Windows 10 kuwa Microsoft ya ƙare masa kulawar yau da kullum ran 14 ga Oktoba 2025. Arhar gwanjo a nan ta kan zama tsada.

Dalilin wannan duka zai bayyana ranar shari'a. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce takardar da ta fito daga kwamfuta ba ta karɓuwa sai an nuna na'urar tana aiki daidai a lokacin, wani mai alhaki kuma ya ba da shaidar haka. A shari'ar Kubor da Dickson, ta zaɓen gwamnan Bayelsa, Kotun Ƙoli ta ƙi takardun da aka ciro daga intanet domin ba a cika sharaɗin nan ba. In rigimar gona ta kai Babbar Kotu, lauya ya tambayi malami yadda ya san ba a taɓa na'urarsa ba, littafin dubawan nan shi ne abin da zai buɗe. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa duk ofishin da ke riƙe da sunayen mutane nauyin tsare su.

Amintaccen tashi ba ya hana malami rubuta kadada 3 inda ya kamata ya rubuta 2, ba ya kuwa hana gobara ko sata. Saboda haka kwafin ajiya ya zauna a wani gini dabam, tsohon littafin takarda kuma kada a bar wa gara, a ci gaba da rubuta shi yadda aka saba.

Saura kalmomin sirri. Ta manhajar gindi, da lambar ceto mai alƙaluma 48 wadda BitLocker ke bayarwa in an kulle faifai, kada su zauna a kan mutum ɗaya, ko a 'yar takarda manne a jikin allo. A rubuta su, a sa a ambulan, a ajiye a akwatin ƙarfe na ofis. Ranar da aka yi wa malami canjin wurin aiki, a buɗe ambulan gaban shaidu 2, a canja kalmar, a rubuta sabuwa, a like, hakimi ya buga hatiminsa a bakin ambulan da kwanan wata.